Daminar da Muka Daka Ƙaiƙayi

Ƙanwata Zulai,

Assalamu alaikum, da gaisuwar ruwa. Ina fata ɗakinki na Zurgu ba ya yoyo, don mu nan Rano sama ta ƙi ɗagawa. Shanya ba ta bushewa, gishiri ya narke a gwangwani, ashana sai an lallashe ta kafin ta kama.

Na ji saƙon muryar da kika turo mini, na sake ji. Kin ce kin gaji. Kin ce kina zuba babi bayan babi a waya, ba mai ce miki ya yi ko bai yi ba. Maigidan yana kan babur tun safe har magariba, matan gidan ba ruwansu da littafi, ke kaɗai ce da mutanen da kika ƙirƙira. Sannan kika ce za ki goge littafin gaba ɗaya ki huta. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na ajiye tsintar shinkafa na ɗauki biro. Kin san ban iya doguwar magana a waya ba. Ki daure ki karanta wannan tukuna, kada ki taɓa komai.

Markar nan ta tuna mini da wata damina, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, 'yan siyasa kuma sun koyi hanyar ƙauye, suna zuwa da alkawarin taki. Ni kuwa ina Tarai, a gidan aurena na can kafin mu dawo Rano, da goyon Aisha a bayana.

Bazarar shekarar ta yi zafin da ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Sai ruwa ya sauko da wuri, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita da sungumi. Gero ya tsiro har ya kai tsawon yatsa. Daga nan sama ta washe. Kullum hadari ya haɗu a gabas, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Muna ji muna gani shukar ta murɗe ta ƙone. Da ruwa ya dawo, dole aka koma rumbu aka ɗebo abin da aka tanada don ci aka sake shukawa. Kin ga kaka ta yi nisa ke nan, rumbu kuma ya yi kusa da ƙasa.

Baban Aisha yana jan mota tsakanin Rano da Kano a lokacin. Ana cikin haka injin ya buga, ba halin gyara. Ya samu wani mai babbar mota ya bi shi Kudu, ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna. Yakan aiko in ya samu mai zuwa, amma hatsi ya yi tsadar da abin da ya aiko ba ya kai mu ko'ina.

Bari in faɗa miki yadda yininmu yake. Mu yi sallar asuba, in yi shara, in dama kunu mai ruwa-ruwa wanda in kin karkata kwaryar kina hango gindinta. Inna ta yafa zane ta zagaya bayan gida ta tsinko tafasa da rama. Mu dafa, mu matse, mu barbaɗa ɗan ƙuli, shi ne na rana, wani lokaci shi ne na dare. Itace duk ya jiƙe, hayaƙi ya fi wutar yawa, idona kullum ja. Yunwar damina daban take, Zulai. Ko'ina kore shar, gona ta yi kyau kamar ki ci, amma ba abin da ya nuna. In na miƙe da sauri sai in ga duhu-duhu. Aisha ta kama nono ta ja ta ja, ta saki ta kalle ni.

Ran da tsabar ƙarshe ta ƙare, da hantsi, daidai lokacin da kowane gida ke surfen tuwon dare, Inna ta ce, "Kulu, fito da turmi."

Na ce, "Inna, me za a daka?"

Ta je gindin rumbu ta ciko ƙwarya da ƙaiƙayi, ta juye a turmin, ta yayyafa masa ruwa don kada ya tashi, don kuma sautin ya yi nauyi kamar na hatsi. Ta miƙo mini taɓarya.

"Daka. Ki ba shi ƙarfi. Ba za a ce gidan nan ya yi shiru ba."

A ƙauye turmi ne ke ba da labarin gida. In aka kwana biyu ba a ji dakanku ba, kowa ya san abin da ake ciki. Inna kuwa matar babban manomi ce a zamaninta, ita ke aika wa mutane, ba a taɓa aiko mata ba. Na tambaye ta a hankali ko wannan ba ƙarya muke yi ba. Ta ce, "Wa kika yi wa magana? Sutura ce." Sai na daka. Kullum da hantsi in daka ƙaiƙayi da ciki wayam, har hannuna ya yi kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dakan maƙwabciyarmu Mairo, matar wani manomi da katanga ɗaya ta raba mu. Matar nan in ta fara, har ƙasa sai ta amsa. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Ina jin ta sai in ce a raina, kowa yana da shi, mu kaɗai Allah ya jarraba. Ba mu saba da ita ba. Ni kaɗai ce na yi sakandare a layin, matan suna kirana 'yar boko, suna ganin ina ji da kaina, ni kuma kunyarsu nake ji. Gaisuwa ce kawai ta kan katanga.

Bayan azahar, in Inna ta kishingiɗa Aisha ta yi barci, sai in ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta in zauna a bakin ƙofa. Littafina na farko ke nan. Labarin 'yar wani attajiri ne a Kano da saurayinta. Ba wanda ya taɓa karanta ko layi ɗaya. Ga rediyo kullum ana wa'azi cewa littattafan nan na mata su ke ɓata tarbiyya, har nakan yi sujada in ce, ya Allah, in abin nan saɓo ne ka cire mini shi daga rai. Bai cire ba. Inna kuwa in ta ga ina fama da jiƙaƙƙen itace sai ta ce, "Takardun nan da kike ɓatawa, da wuta aka hura da su da sun yi rana." To kin ga na san kaɗaicin da kike faɗa. Nakan rubuta abin dariya in waiwaya, ba wanda zan gaya wa.

Ana nan aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kusurwar katangar da ke tsakaninmu da su Mairo ta zube. Ba maza a gida, sai aka jingina zana a wajen. Washegari bayan azahar na ga zanar ta motsa, sai ga Mairo.

"Salamu alaikum, masu gida. A sam mini wuta, tamu ruwa ya cinye."

Na zuba mata garwashi a murfin kwano. Ta tsaya tana kallon cinyata.

"Ke kuwa 'yar boko, kullum wasiƙa? Wannan miji ai sai karatu ya gundure shi."

"Ba wasiƙa ba ce, Yaya Mairo. Labari ne."

"Na wa?"

"Na wata yarinya a Kano."

"'Yar uwarku ce?"

"A'a, ni na ƙirƙire ta."

"La ilaha! Ƙarya ke nan a takarda. To karanto mini ƙaryar in ji kafin garwashin nan ya mutu."

Garwashin ya mutu, na sake zuba mata wani, shi ma ya mutu. Ban taɓa jin kalmomina a waje ba sai ranar. Mairo ba ta iya sauraro shiru ba. "Wannan saurayin maƙaryaci ne, ki gaya mata." Da na zo inda yarinyar ta ture farantin soyayyiyar kaza saboda sun yi faɗa da shi, sai ta dafe ƙirji.

"Ta ture me? Kaza? Saboda namiji? Koma baya, Kulu. A hankali. Da wane mai aka soya ta?"

Na ce ban rubuta ba.

"To rubuta man gyaɗa. Ki sa albasa ta yi ja."

Tun daga ranar, da an idar da azahar zanar za ta motsa. Na fara rubutu da fuskar Mairo a gabana. Sai dai labarin ya zo ya tsaya mini cak. In na ɗauki biro in kwatanta falo da labule, sai hannuna ya yi ta zugi saboda taɓarya. Wata rana na gaji da yaƙi da shi. Na aika yarinyar ƙauye wajen kakarta, na sa ta tarar da tsohuwar tana daka ƙaiƙayi. Na rubuta komai: yayyafin ruwan, yadda ake ƙara ƙarfi in an ji tafiyar mutum a waje, yadda ake kwashe shi a ɓoye a shanya don gobe. Ban taɓa rubutu da sauri irin na ranar ba. A raina ai labari ne, sunaye daban, wa zai gane?

Da Mairo ta zo na fara karantawa. Wannan karon ba ta katse ni ba. Na ɗago na ga fuskarta ta sauya. Ta miƙe, zanenta na neman kwancewa.

"Kulu! Ashe ta zanar nan kike leƙena?"

"Ni? Wallahi Yaya Mairo..."

"Kar ki yi mini rantsuwa! Na ɗauke ki ƙanwa, ina zuwa ina zama, ashe asirina kike kwashewa za ki kai Kano a sayar!"

Hayaniyar ta tashi Inna. Ta fito tana gyara ɗankwali tana tambayar lafiya. Mairo ta nuna ni da yatsa. "Tambaye ta abin da ta rubuta! Ƙaiƙayi a turmi, har da yayyafa ruwa!"

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Ta fizge littafin daga hannuna, ta haɗa da sauran da ke kan tabarma, ta nufi murhu inda tukunyar rama ke tafasa.

"Abin da na rufe da hannuna, shi kika zuba a takarda? Har kika karanta wa maƙwabta? Yau za su yi amfanin da na faɗa."

Na bi ta ina kuka, ina Inna ki yi wa Allah. Aikin wata da watanni ne, Zulai, kuma ba ni da wani kwafi. Ta riga ta sunkuya. Tana cewa, "Asirin gidan ɗana! Asirin gidan ɗana!"

Sai Mairo ta ce, "Wane gidan ɗanki, Inna? Gidana dai."

Inna ta tsaya a sunkuye. Ta waiwayo. Suka kalli juna. Can Inna ta miƙe, takardun na hammatarta, ta je inda turminmu yake a rufe da faifai. Ta ɗage faifan, ta karkata turmin da ƙafa. Jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ya zubo ƙasa.

Mairo ta kalle shi, ta kalle mu. Ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Ku ma?"

"Mu ma," in ji Inna.

Mairo ta ce, "Ni da nake cewa mutanen nan ɗansu na Kudu yana yi musu aike, ji yadda 'yar boko ke surfe ba fashi!"

Inna ta ce, "Ni kuwa dakanki ne ya hana ni sukuni. Har da tafi, Mairo!"

"Tafin nan, Inna, don ke nake yin sa!"

Wallahi ban san wadda ta fara dariya ba. Inna ta dafa bango, Mairo ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa, daga baya ba ka iya cewa dariya ce ko kuka. Mairo ta ce yaranta sun kwana biyu a kan ruwan kanzo. Inna ta ce in zubo mata rama, ban jira ta ƙarasa ba.

Ni dai idona na kan hammatar Inna. Mairo ce ta lura. Ta share hawaye da bakin zane ta miƙa hannu.

"Inna, ba ta takardunta. Ban ji yadda aka ƙare da maƙaryacin nan ba."

Inna ta daɗe tana juya su. Ba ta san boko ba, amma ta buɗe tana kallo kamar mai neman fuskarta a ciki. Sannan ta miƙo mini.

"Ungo. Amma ki ce a Zariya aka yi."

Washegari da hantsi ba mu fito da turmi ba. Mairo ta shigo da ɗan garin rogon da ta ɓoye da daddawa, mu muna da kuka da sauran gyaɗa, muka ɗora tukunya ɗaya a murhu ɗaya, itace ma ya huta. Mairo ba ta iya riƙe magana ba, kafin Juma'a ta zaga layin. Aka samu gida biyu da suka ce su ma haka ne, suka shigo da abin da suke da shi. Wata Bafulatana da ke kawo tallan nono ta fara bar mana ragowar tsala, muna ba ta dafaffen ganye. Ba ƙoshi muke yi ba, kar ki ɗauka wani abin mamaki ya faru. Amma yara sun daina kwana da wayam, nonona kuma ya dawo. Akwai gida ɗaya da suka ce su lafiya lau suke, suka ci gaba da dakansu har kaka. Ba mu matsa musu ba. Inna takan zuba a kwano ta ce a kai musu su ɗanɗana mana gishiri.

In an sauke tukunya sai a ce, "'Yar boko, ina aka tsaya?" Mata su baje a rumfa, wata na tsifa, wata na ɓarar gyaɗa, ruwa na sauka a kan kwano har sai na ɗaga murya. Suna faɗa da mutanen littafin kamar maƙwabtansu. Dole in rubuta sabo kullum, don in na zo hannu wofi Mairo sai ta ce, "Yau malalaciya ta kwana a gidan nan."

Ran da aka karyo tumun farko, Inna ta babbaka shi a garwashi, ta murza a tafin hannunta, ta hure, ta zuba wa kowa kaɗan. Ƙamshin nan har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Muka tauna, ɗumi-ɗumi, da ɗan toka-toka. Kafin a gama yankan gero na rubuta shafin ƙarshe. Baban Aisha ya dawo a rame, ya tarar da gidansa cike da mata. Shi ya ɗauki takardun ya kai Kano wajen masu bugawa, sai bayan wata daminar littafin ya fito. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ajiye nata a ƙarƙashin kwallayenta. In baƙuwa ta zo sai ta ciro ta nuna ta ce, "Surukata ce ta yi. Labarin wasu mutane ne a Zariya."

Yanzu ko a Tarai da wuya ki ji turmi da hantsi, inji ake kai wa. Gida mai abinci da wanda babu duk shiru ɗaya suke yi. Ni ma na koyi sa littafi a waya, ina ganin alamar mutane sun buɗe, ban san ko sun yi dariya ba. Ba zan ce miki kaɗaicin yana ƙarewa ba. Har gobe ni kaɗai nake zama bayan azahar, yara sun watse, Aisha na ɗakinta da nata 'ya'yan. Aikin namu haka yake, ba a yin sa mutum biyu. Amma tun daga daminar nan ban sake gama babi ban karanta wa mai rai da bakina ba, ko da mai tallan awara ce ta shigo. Kuma matan gidan da kika ce ba ruwansu da littafi, ina tambaya, kin taɓa zama kin karanta musu? Ni ma haka na ɗauki Mairo.

Makon jiya na je Tarai barka. Mairo tana nan, ta tsufa, idonta ya yi rauni, bakin dai yana nan yadda kika ji shi. Na ba ta labarinki. Na ce ga wata yarinya mai hannun rubutu, ta fi ni iya tsara zance, tana so ta goge littafinta don ba mai saurara.

Ta ce, "Goge shi kamar yaya? Ba a murhu ba?"

Na ce yanzu da yatsa ake yi.

Ta yi salati. Ta ce in kawo mata ke. Don haka ki nemi izini wajen maigidan, duk ranar da sama ta ɗaga ya sauke ki a gidana da hantsi, mu hau mota tare. Ki cika wayar da caji, ki zo da babi na farko, ba sai kin gyara komai ba. Ta ce za ta tara jikokinta mata da matan layin, a shimfiɗa babbar tabarma. Ta kuma ba ni saƙo, ta ce in faɗa miki yadda ta faɗa:

"Ki gaya mata ni ba na saurara shiru. Kuma in akwai abinci a littafin, ta zo da sanin man da aka soya shi."

Allah ya huce miki zuciya, ya sa albarka a hannunki. Ki gaishe da maigidan.

Taki,
Anti Kulu
Rano